Yadda za ka bi sawun kakanka da Jamusawa suka kama a yaƙin Hitila

A gidaje da yawa na ƙasar Adar, daga Tawa zuwa Illela, Keita da Buza, akwai labarin wani tsoho da ya yi sojan Faransa, aka daina jin ɗuriyarsa, wasu har an yi musu sadakar arba'in, sai ga shi bayan shekara biyar ko shida ya sauka da jar dara da tari mai tsanani. Abin da jikoki da dama ba su sani ba shi ne, Faransawa da Jamusawa duka mutanen rubutu ne. Ranar da aka kama shi, sansanin da aka tsare shi, tashar da ya hau jirgin ruwa ya dawo, akasari suna nan a rubuce, kuma jika yana iya neman kwafinsu yana zaune a Yamai ko Tawa. Na yi wannan nema a kan mahaifin babana, shi ya sa nake son in shimfiɗa hanyar yadda take.

Abu na farko, ajiye salula tukuna. Wanda ya buɗe intanet ya rubuta sunan kakansa kawai zai sha wahalar banza, domin rundunar da ake kira tirailleurs sénégalais ta haɗa sojojin Afirka ta Yamma gaba ɗaya, ba ƴan Senegal kaɗai ba, kuma masu suna Musa ko Abdu ko Mahamadu a cikinta ba su ƙirguwa. Abubuwa uku ne ke fitar da mutum ɗaya daga cikin wannan taro: lambarsa ta soja, wadda takardu ke kira matricule, shekarar da aka ɗauki ajinsu, wato classe, da sarkal ɗin da aka rubuta shi, wato gundumar mulki ta zamanin Nasara, tare da kanto da gari. In ka samu lambar, aiki ya yi rabi. Kuma lambar nan a gida take, ba a Faransa ba.

Ka nemi adakar tsohon. Kusan kowane ɗaya daga cikin mazan jiya ya bar wani abu: ɗan littafin soja, livret individuel, ko katin tsohon mayaƙi, carte du combattant, ko littafin karɓar fansho, ko takardar da ke rakiyar lambar yabo, ko ƴar farantin ƙarfen nan da ake ɗaurawa a hannu ko a wuya. Namu littafin a ƙasan adakar gwaggona na same shi, naɗe cikin tsumman atamfa tare da layu biyu da wata tsohuwar takardar haraji. Gara ta cinye kusurwar da ke ɗauke da sunan uwarsa, tawada ta koma ruwan ƙasa, amma lambar tana nan a saman shafin farko, da tambarin ofishin ɗaukar soja. Kada ka ce za ka tafi da irin wannan takarda Yamai a yi fotokopi. Tsofaffi ba su son haka, kuma suna da gaskiya. Shimfiɗa ta a kan tabarma cikin inuwa, ka ɗauki hoton kowane shafi har da waɗanda kake ganin ba komai a jiki, gaba da baya, ka mayar mata da abinta a gabanta.

Daga nan sai hira, kuma tsofaffin mata sun fi maza riƙe irin wannan labari, don su ne suka zauna da tsohon a tsakar gida lokacin da ƙarfinsa ya ƙare. Kada ka tambaye su shekara, ba da ita suke ƙirga ba. Tambayi abin da ya faru. An haife shi kafin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ko bayanta? Ya yi wayo lokacin yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917? Wane sarki ke kan gado da aka ɗauke shi? Da wa suka tafi daga garin, wa ya dawo, wa bai dawo ba? Sunan abokin tafiya yana da amfani ƙwarai, don waɗanda aka ɗauka rana ɗaya lambobinsu kan bi juna, kuma wataƙila gidan abokin sun fi ku adana takarda.

Ka kuma tabbatar wane yaƙi ake nufi, don a bakin mutanenmu duk an cakuɗa su. Wanda aka ce ya je Andoshin, wato yankin Biyetnam, yaƙinsa na 1946 zuwa 1954 ne, kuma can ma an kama ƴan Afirka, musamman da Dien Bien Phu ta faɗi ranar 7 ga Mayu 1954. Wanda aka ce Aljeriya, 1954 zuwa 1962. In aka ce Bama, to kakanka ƙetarawa ya yi Najeriya ya shiga sojan Ingila, abin da ba baƙo ba ne ga mutanen Ƙonni da Madawa, kuma takardunsa ba su hannun Faransa ko kaɗan. Akwai kuma waɗanda aka ɗauka a abin da ake kira deuxième portion, kashi na biyu na samarin da aka tantance, waɗanda aikin tilas aka kai su ba fagen fama ba. A gida duk "an kai shi soja" ake cewa.

Gwaggona, da na zauna gabanta da kaye da biro, sai da ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, mi za ka yi da takardun matacce?" Na ce, "Gwaggo, so nake in san inda aka tsare Baba tsoho." Ta ce ita ba ta san sunan gari ba. "Shi dai ya ce itacen ƙasar duk iri guda na, dogaye, suna zubda ƙaro, ƙasa kuma rairai kamar tamu. Sara suka yini suna yi." A lokacin na rubuta ne kawai don kada ta ga na raina maganarta. Da takarda ta zo daga Faransa sai ga sunan sansanin, Frontstalag 195, Onesse-et-Laharie, a yankin Landes da ke kudu maso yammacin ƙasar, inda dajin itatuwan pin ya rufe ƙasa mai yashi, kuma aikin daji na cikin ayyukan da aka sa fursunoni. Saboda haka rubuta duk abin da aka gaya maka, ko da ya yi kama da tatsuniya.

Yana da kyau ka san tarihin a taƙaice, don ka gane takardun in sun zo. Dokar 30 ga Yuli 1919 ta kafa aikin soja na tilas, shekara 3, a Afirka ta Yamma ta Faransa, kuma kwamitin ɗaukar soja ne ke zagaya sarkal-sarkal, sarakunan kanto na kawo samari. Jamus ta afka wa Faransa ranar 10 ga Mayu 1940, aka sa hannu kan tsagaita wuta ranar 22 ga Yuni, kuma a ƴan makonnin nan aka kama sojojin Faransa wajen miliyan 1 da dubu 800. Turawan aka kwashe zuwa Jamus. Baƙaƙen fata da Larabawa kuwa, gwamnatin Hitila ba ta son su a ƙasarta, saboda aƙidarta ta wariyar launi da tsoron cututtukan ƙasashe masu zafi, sai aka tsare su cikin Faransa ɗin kanta a sansanonin da ake kira Frontstalag. Wasu an fara kai su Jamus sannan aka maido su kafin ƙarshen 1940, don haka kada ka yi mamaki in ka ga sunan Stalag, wato sansanin da ke cikin Jamus, da farko. A watan Afrilu 1941 akwai irin waɗannan fursunoni kusan 69,000 a sansani 22, fiye da 15,000 daga cikinsu waɗanda aka rubuta "Sénégalais". Kowane sansani da lambarsa: 230 a Poitiers, inda aka tsare Léopold Sédar Senghor, 133 a Rennes, 221 a kusa da Bordeaux, 222 a Bayonne, 121 a Épinal. Daga farkon 1943 kuma, a wasu wuraren aiki, hafsoshin Faransa ne da kansu suka karɓi gadin sojojinsu a madadin Jamusawa. Wannan ɓangaren ban taɓa karanta shi raina bai ɓaci ba.

To yanzu wasiƙa. Ta farko Pau za ta, ba Paris ba. A garin Pau akwai cibiyar ajiyar takardun sojoji, Centre des archives du personnel militaire, a barikin Bernadotte, ƙarƙashin Service historique de la Défense, kuma nan ne aka tara rajistar sojojin da aka ɗauka a tsofaffin ƙasashen mulkin mallaka. Abin da za ka roƙa sunansa état signalétique et des services. Takarda ce ta shafi ɗaya ko biyu da ke bin soja tun ranar da aka ɗauke shi har ranar da aka sallame shi: rundunarsa, ranar hawa jirgi, ranar sauka, rauni, kamu, saki. Da Faransanci za ka rubuta, a taƙaice, ta shafinsu na intanet ko ta gidan waya. Ka sa sunansa, sunan ubansa da na uwarsa, gari, kanto, sarkal, shekarar haihuwa ko da ta ƙiyasi ce, lamba da aji in kana da su. Ka haɗa hoton katinka na ɗan ƙasa, da takardun da ke nuna kai jikansa ne, wato takardar haihuwarka da ta mahaifinka ko jugement supplétif, da takardar rasuwar tsohon in akwai, da hoton shafin farko na littafinsa. Ka sa adireshin imel da kake buɗewa, ba wanda wani yaro ya buɗe maka a sibar ka manta kalmar sirrinsa ba. An rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairu 2024, don haka kai tsaye ake rubutawa, kuma ba a buƙatar ɗan tsakani. Amsa kan ɗauki watanni.

Maganar suna tana son a tsaya a kanta, domin nan ne yawancin nema ke mutuwa. Magatakardan da ya rubuta kakanka abin da kunnensa ya ji ya sa, da harufan Faransanci. Mahamadu zai iya fitowa Mahamadou, Mamadou, Mahamane ko Mamane. Usmanu ya zama Ousmane, Yusufu ya zama Issoufou, Shu'aibu ya zama Chaïbou, Ɗan ya zama Dan ko a manne shi da sunan da ke biye. Ba a san sunan iyali irin na Turawa ba, sai a sa sunan mutum da na ubansa, wani lokaci a juya su. Wani kuma da sunan da gida ba a san shi da shi ba aka rubuta shi: a gida laƙabinsa ake kira, Tanko ko Nomau ko Ɗan Ladi, a takarda kuwa sunan yanka. Akwai ma wanda ya tafi a madadin wani, ɗan talaka a gurbin ɗan mai hali, ya yi yaƙin duka da sunan da ba nasa ba. Shi ya sa a wasiƙarka za ka jera duk rubutun da kake zato, ka kuma ambaci sarkal fiye da ɗaya in garinku na bakin iyaka ne, don iyakokin Tawa, Ƙonni da Madawa sun sha canjawa a zamanin Nasara. Shekarar haihuwa kuwa "né vers" za ka gani, ma'ana an haife shi wajen shekara kaza. Likita ne ya dube shi ya yanke. Kada ka yi musu da ita, kada kuma ka ƙi wata takarda don ta saɓa da shekara biyu.

Kafin amsar Pau ta iso akwai wurare biyu da za ka duba kyauta. Na ɗaya Gallica, ɗakin karatu na intanet na babban ɗakin karatun Faransa, inda aka sa jerin sunayen fursunoni da aka buga daga Agusta 1940 zuwa Yuni 1941, Liste officielle des prisonniers de guerre français, fitowa 100. Kowane layi na ba da suna, haihuwa, muƙami, runduna, da sansani a mafi yawansu. Jerin bai cika ba, kuma na'urar da ke karanta tsohon bugu tana yawan kuskure a sunayenmu, don haka rashin ganinsa a nan ba ya nufin ba a kama shi ba. Na biyu Mémoire des hommes, shafin ma'aikatar sojan Faransa, amma sashensa da ya shafi wannan nema na waɗanda suka mutu ne. In kakanka ko ƙanensa bai dawo ba, nan za ka fara. Gwada da ƙasar haihuwa Niger, ka gwada kuma ba tare da ita ba. In ka same shi, za ka ga wata lamba mai farawa da AC 21 P: lambar fayil ɗinsa ce a gidan ajiyar takardu na garin Caen, kwafe ta daidai.

Wanda bai dawo ba, ka shirya zuciyarka, don ba kowa ne ya kai sansani ba. A watan Yuni 1940 sojojin Jamus sun ware baƙaƙen fata daga cikin waɗanda suka miƙa wuya suka harbe su a wurare da dama: a Airaines, inda aka kashe Kaftin Charles N'Tchoréré ɗan Gabon ranar 7 ga Yuni, da kuma Chasselay kusa da Lyon a ranakun 19 da 20, inda yanzu akwai maƙabartar da ake kira Tata. Irin waɗannan sau da yawa kalma ɗaya ce a takardarsu, "disparu", ya ɓata. A sansanonin kuma tarin fuka da sanyi sun kashe mutane da yawa.

In takardar Pau ta zo, karanta ta da fensir a hannu. "Appelé" na nufin kiran tilas ne, "engagé volontaire" shi ya kai kansa, ko dai haka aka rubuta. RTS runduna ce ta tirailleurs, RICMS kuma runduna ce da aka gauraya Turawa da ƴan Afirka. Layin da kake nema shi ne "fait prisonnier le", an kama shi ranar kaza, a wuri kaza. "Évadé" ya gudu, kuma da dama sun gudu da taimakon mutanen ƙauyukan Faransa, wasu suka shiga ƴan gwagwarmaya, kamar Addi Bâ ɗan Gini da Jamusawa suka harbe a Épinal ranar 18 ga Disamba 1943. In ka ga an sake shi a 1941 ko 1942 saboda rashin lafiya amma bai iso gida ba sai 1945, ba kuskure ba ne. Irinsu an tara su a kudancin Faransa cikin rukunin da ake taƙaitawa GMICR suna jiran jirgi, sai hanyar teku ta yanke a Nuwamba 1942 suka maƙale.

Ka lura sosai da ranar dawowa. In an rubuta ya hau jirgi a Morlaix farkon Nuwamba 1944 ya sauka Dakar ranar 21 ga watan, to jirgin Circassia ne, kuma kakanka na cikin waɗanda aka kai barikin Thiaroye, inda ranar 1 ga Disamba 1944 sojan Faransa ya buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin da ke neman a biya su bashin albashinsu. Hukuma ta ce 35 suka mutu, wani rahoton soja ya ce 70, masana tarihi da dama na ganin sun fi haka nesa. Sai a Nuwamba 2024 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi.

Da ranar kamu da lambar runduna a hannunka, sai wasiƙa ta biyu, zuwa Caen, sashen da ake kira Division des archives des victimes des conflits contemporains. Su ke riƙe da katunan fursunonin yaƙin 1939 zuwa 1945, har da waɗanda Jamusawa suka cike da hannunsu: lambar fursuna, sansani, sauyin wuri, kwanciya asibiti. Wani katin yana ɗauke da hoto da zanen yatsa, kuma ga gidan da bai taɓa ganin fuskar tsohon yana saurayi ba, wannan kaɗai ya isa dalilin rubutawa. Bayanin lafiya yana da doka tasa: ana buɗe shi shekara 25 bayan rasuwa, ko shekara 120 daga haihuwa in ba a san ranar rasuwar ba, shi ya sa takardar rasuwa ke da amfani.

Ta uku Geneva, wurin kwamitin ƙasa da ƙasa na Croix-Rouge, wanda ya tattara sunayen fursunoni daga ɓangarorin biyu lokacin yaƙin. Katunansu na yaƙin 1914 zuwa 1918 suna intanet, kowa na iya dubawa. Na yaƙin Hitila kuwa sai an cike fom a shafinsu, kuma ba kullum yake buɗe ba: ƴan ranaku ne a shekara, da adadin da suke karɓa, yana cika su rufe. Duba ranar buɗewa tun da wuri, ka tanadi bayananka a rubuce da kuɗin intanet a salula, ka shiga da zarar lokaci ya yi. Abin da suke aikowa takardar shaidar kamu ce.

A nan gida, gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai yana da rahotannin kumandan-kumandan na sarkal. Ba can za ka samu fayil ɗin soja ɗaya ba, amma za ka ga yadda ake ɗaukar samari a ƙasarku da yadda wasu ke tsallaka iyaka don gudun soja. Takardun babbar gwamnatin Afirka ta Yamma kuwa a Dakar suka zauna. In kuma ka san sansanin, gidan tarihi na jihar Faransa da sansanin yake, archives départementales, yakan ajiye jerin fursunonin da aka raba gonaki da masana'antu. Wannan na wanda abin ya shiga ransa ne.

Saura maganar kuɗi, don ita ce tambayar da kawunai ke fara yi da sun ji kana rubuta wa Faransa. Gaskiya ne dokar 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka samu ƴanci, aka bar su suna karɓar abin da bai taka kara ya karya ba, kuma gaskiya ne an gyara: shari'ar da wani tsohon soja ɗan Senegal mai suna Diop ya ci a 2001 ta buɗe ƙofa, aka daidaita wani ɓangare a 2007, sauran a 2011. Amma kuɗin da a da ake kira retraite du combattant na mai shi ne, yana tsayawa ranar da ya rasu, ba a gadonsa. Duk wanda ya zo maka da maganar wai akwai miliyoyin kakanka a ajiye, ka ba shi jika hamsin ya buɗe dosiye, ɗan damfara ne. Inda magana ta bambanta shi ne in matar tsohon tana raye, kuma shi ya kasance yana karɓar fanshon dogon aiki ko na nakasa. Wannan sai a ɗauki littafin fanshon da takardar aure da ta rasuwa a kai ofishin mazan jiya a tambaya, kuma a yi shi tun tana da rai.